Wace shokazoba ta dace da Tacoma da aka ɗaga wa gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Toyota Tacoma ƙirar 2010, mai ƙofa huɗu, mai jan taya huɗu, tokumbo daga Amurka. Ta zo an riga an ɗaga mata gaba da wajen inci 2, har ya daidaita da baya. Yanzu shokazobar gaba ta hagu tana yoyo, kuma duk ramin da na faɗa sai na ji wani ƙwas a ƙasa. Kwana biyar a mako ina kan kwalta, Asabar da Lahadi kuma ina shiga gona ta hanyar burji, wani lokaci da buhunan taki. Wani ya ce in saka Bilstein, wani ya ce Fox, bakanikena kuma ya ce in sayi ta Hilux kawai in huta. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya sanya albarka a motar, ya sa a more ta lafiya.

Na daɗe ina aikin ƙasan mota, kuma irin wannan tambaya ta yawaita tun da su Tacoma da Tundra da F-150 suka fara shigowa da kayan da masu su na can suka ƙara musu. Mutum uku sun ba ka shawara, kowa a cikinsu da suna ya fara. A motar da aka taɓa wa tsayi kuwa, sunan kamfani shi ake dubawa a ƙarshe. Abin da ke gaban komai shi ne tsawon shokazobar, wato iyakar miƙewarta da iyakar tsukewarta, da ko waɗannan biyun sun dace da inda tayarka take zaune yanzu. Mai tsadar da tsawonta bai dace ba za ta riga mai arahar da ta dace mutuwa. Saboda haka kada ka fitar da ko sisi sai an leƙa an ga da me aka ɗaga gaban.

Da gangan kamfani yake fito da akori-kura bayanta ya ɗara gabanta tsayi. An bar wannan ratar ne domin idan aka yi lodi baya ya sauka, motar ta daidaita. Amurkawa da yawa ba sa ɗaukar komai a bodin, tsayuwar motar da manyan tayoyi ne ke burge su, sai su sayi kayan ɗaga gaba su cike ratar. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa idan mun zo maganar taki.

A Tacoma daga 2005 zuwa 2015, shokazobar gaba tana cikin sifirin mai naɗi, an haɗa su sun zama abu guda. Samansa yana ɗaure da shasi da noti uku, ƙasansa kuma yana ɗaure da hannun ƙasa, wanda muke ce wa lowa am a gareji. Ka karya sitiyari har ƙarshe, ka haska tocila can sama inda notin nan uku suke. Idan ka ga wani kauri na ƙarfe ko na baƙar roba mai tauri tsakanin kan shokazobar da shasi, to sifesar sama ce aka saka. A cikin motocin da suke zuwa hannuna ita na fi gani, domin ita ce mafi araha kuma mafi saurin sakawa. Idan ba ka ga komai a nan ba, duba ƙarƙashin hular, wato murfin da ke kan shokazobar, tsakaninta da sifirin, ko an cusa wani zobe da ya matse sifirin. In nan ma babu, to ko dai an canza sifirin ɗin da wanda ya fi tsawo, ko kuma shokazobar kanta irin wadda ake ɗaga mazaunin sifirinta ce. Gani ya kori ji, kuma minti biyar sun isa.

Zan daɗe a kan sifesar sama, domin ina kyautata zaton ita ce a motarka, kuma ita ce asalin ƙarar da kake ji.

Sifesa ba ta ƙara wa shokazoba tafiya ko ta kwabo. Abin da take yi shi ne ta tura shokazoba da sifirin gaba ɗaya zuwa ƙasa. Da yake shokazobar a tsakiyar hannun ƙasa take ɗaure, nesa da taya, kaurin inci ɗaya a can yakan zama fiye da inci ɗaya da rabi a bakin taya. Shi ya sa za ka ga sifesa ba ta kai inci 2 ba amma motar ta tashi inci 2. To wannan turawar tana ɓata abu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Idan taya ta faɗa rami, shokazoba ce ke tsayar da saukarta idan ta gama miƙewa. Injiniyoyin sun auna wannan iyaka daidai da abin da boljoyin, wato mahaɗin hannu da taya, da shaf, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga taya, za su iya jurewa. Da aka tura komai ƙasa, taya ta koma tana sauka fiye da yadda aka tsara. Boljoyin na hannun sama yana karkata har ƙarshen kwanciyarsa, wani lokaci hannun saman kansa ya doki sifirin, shaf ɗin gaba kuma ya yi kwana mai tsanani har robarsa ta riƙa gogar kanta tana tsagewa. Wannan ke nan a sauka. A hawa kuma, idan taya ta doki tudu ta taso, akwai wata robar tare duka a jikin shasi, sitofa, wadda ya kamata hannun ƙasa ya fara tararwa kafin shokazoba ta gama tsukewa. Sifesa ta sa shokazobar tana iya ƙurewa kafin a kai ga robar, ko a kai tare. Nauyin gaban mota kacokan, da inji da komai, sai ya sauka a kan fistin da sandar shokazoba maimakon roba. Daga nan sil, wato robar da ke hana mai fita, yake fashewa ta fara yoyo, in dukan ya yi yawa sandar ta lanƙwashe ko gindinta ya karye. Na taɓa kwance wata da gindinta ya lanƙwashe kamar lauje, mai motar kuma bai wuce wata huɗu da saka ta sabuwa ba. Shokazobar ba ta da laifi, tsawon da aka ɗora mata ne ya kashe ta.

Kana iya gane wanne ne yake faruwa a taka. Duba ƙarƙashin hannun sama da naɗin sifirin da ke kusa da shi. Idan fenti ya goge ƙarfe yana sheƙi, suna haɗuwa. Sannan ka shafa ɗan giris a kan sitofa, ka bi hanyar gonarka ka dawo. Idan ka ji dukan amma giris bai taɓa hannun ƙasa ba, shokazobar ce take shan dukan. Akwai kuma awo ɗaya da nake yi wa kowace mota irin wannan. A ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi. A ɗaga ta da jak ta jikin shasi har tayar ta rataya a iska, a sake aunawa. Bambancin shi ne ragowar saukar da tayar take da ita. Ni ba na sakin mota idan bai kai wajen santimita 6 ba, domin ƙasa da haka kowane ɗan rami sai shokazoba ta ƙure a miƙe, kuma wannan ma ƙwas yake bayarwa. Tun motar tana sama, a girgiza taya a duba boljoyin na ƙasa, da bushin, wato robobin da ƙusoshi suke ratsawa, da ɗan sandar da ke riƙe ƙarfen hana tangaɗi. Su ma suna yin wannan ƙarar, kuma ba na so ka kashe kuɗin shokazoba ka fito ka sake jin ta.

Idan ta tabbata sifesar sama ce, hanya biyu gare ka.

Ta farko, ka bar sifesar ka sayi shokazoba mai tsawon asali, wato wadda aka ƙera don Tacoma da ba a taɓa ba, kamar Bilstein 4600 ko KYB. Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Mutum yana ganin an ɗaga motarsa inci 2, sai ya je neman shokazobar da aka rubuta wa ɗagin inci 2, ya haɗa ta da sifesar. Ya tara tsawo a kan tsawo ke nan, boljoyin da shaf su ne za su biya. Muddin sifesa tana sama, shokazoba ta asali ce abokiyar zamanta. Wannan hanya ta fi sauƙin kuɗi, amma an gudu ne ba a tsira ba, domin abin da ya kashe ta farko yana nan. Mai yawon cikin gari kaɗai zai iya zama da haka. Kai da kake bin burji duk mako, ban ba ka wannan shawarar ba.

Ta biyu ita ce zaɓina. A cire sifesar a ajiye ta gefe, a samo tsayin daga shokazobar da aka ƙera domin wannan aiki. A nan wanda ya ce maka Bilstein ya yi daidai, sai dai bai faɗa maka wacce ba, ga shi kuwa kala-kala ce. Wadda kake nema ita ce Bilstein 5100 ta gaba mai daidaita tsayi. A jikinta akwai tsagi da aka zagaye ta da su, da wani zoben ƙarfe da ake sakawa a tsagin da aka zaɓa, mazaunin sifirin ya zauna a kansa. Ta Tacoma 2005 zuwa 2015 tsagi huɗu gare ta: tsayin asali, inci 0.85, inci 1.75, da inci 2.5. Sifirinka na asali za a mayar mata. Fa'idarta ita ce an auna miƙewarta da tsukewarta da wannan motar, saboda haka sitofa tana yin aikinta, saukar taya kuma tana tsayawa kafin boljoyin ya ƙure.

Ka sa a ɗora zoben a kan 1.75. Na san ido yana son na ƙarshe, amma duk abin da ka ƙara a tsayi daga saukar taya kake cire shi. A kan 2.5 motar tana zaune kusa da ƙarshen miƙewar shokazoba, sai ta riƙa yin tsalle-tsalle a kan ƙananan ramuka, ga alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, yana wuyar kamawa. Akwai wata magana da ake yawan yi, wai matse sifirin yana ƙara masa tauri. A sifirin da naɗinsa yake bai ɗaya, taurinsa bai canza ba, nauyin da ke kansa ma bai canza ba. Mazaunin motar ne ya matsa sama, ragowar sauka ta ragu, hannuwan kuma suka ƙara karkata. Taurin da direba yake ji daga nan yake fitowa. Ka kuma sani cewa waɗannan alƙaluma da lafiyayyen sifirin aka auna su. Sifirin da ya haura shekara goma yana ɗauke da inji ya riga ya ɗan zauna, abin da za ka samu zai iya gaza abin da aka rubuta. Gefen direba a Tacoma yakan fi zama, saboda tankin mai da batir da direban duk a hagu suke. Idan bambancin hagu da dama ya yi yawa, sabon sifirin ne maganinsa.

Yanzu cikin shokazobar, tunda hanyarka ce za ta raba gardama. Aikin shokazoba shi ne ta hana sifirin ci gaba da lilo. Tana tilasta wa mai ya bi ta ƙananan ƙofofi a jikin fistin, ƙarfin motsin ya koma zafi. Ka yi rabin awa a kan burjin da ya yi ƙananan kunyoyi, ka tsaya ka kai hannu kusa da ita, za ka ji yadda take huci. A watan Afrilu da rana take haura digiri 40, abin ya fi haka. Shokazoba iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, inda mai da iskar gas suke ɗaki guda a bututun waje. Idan ta sha girgiza ta yi zafi, man yakan yi kumfa, fistin kuwa ba ya iya riƙe kumfa, sai ka ji motar ta saki jiki tana lilo kamar kwalekwale. Akwai kuma mai bututu ɗaya, wadda aka raba mai da iskar naitirojin mai matsi da wani fistin na daban. Wani Bafaranshe, de Carbon, shi ya fito da wannan dabara a shekarun 1950, kamfanin Bilstein na Jamus kuma ya shahara da ita. Man ba ya kumfa, zafin kuma yana fita kai tsaye ta jikin bututun. Rauninta ɗaya ne: idan dutse ya lotsa bututun, fistin ya samu cikas, ta gama aiki. 5100 irin wannan ce, fistinta milimita 46.

Gaskiya guda game da ita, don kada ka zo kana mamaki. Tana da ɗan tauri. An tsara ta ta riƙe mota sosai a kwana da lokacin taka birki, ta kuma saki idan duka mai ƙarfi ya zo. A kan ƙananan faci na kwalta za ka ji hanya fiye da yadda ka saba. Ni ina ganin wannan ciniki ne mai kyau ga motar da aka ɗaga, domin ɗagawa tana ƙara mata tangaɗi. Kafin ka ɗora wa shokazoba laifin tauri kuma, duba tayoyinka. Irin waɗannan motoci sukan zo da manyan tayoyi masu kaurin gefe, mai faci kuma ya dube su ya ɗura musu iska kamar na tirela. Rage iskar zuwa abin da ya dace da nauyin motar yakan canza tafiyar fiye da yadda kake zato.

Fox kaya ne mai kyau, ba na musu. Fox 2.0 jikinta alminiyam ne, tana saurin huce zafi, ta fi 5100 laushi a kan ƙananan gargada, ta gaba kuma ana samunta haɗe da nata sifirin. Amma an ƙera ta ne a kan za a riƙa buɗe ta ana canza mai da sil ana sake ɗura mata naitirojin. Kamfanin da kansa yana cewa a yi mata haka duk mil 50,000 idan kwalta zalla ake bi, in kuwa rabi kwalta rabi daji ne, duk mil 10,000. Ka tambayi kanka wa zai yi maka wannan aikin a garinku, da kayan gyaran da injin ɗura gas ɗin. Idan kana da amsa, bismillah. Idan babu, ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba. Masu ƙaramin tanki a gefe ma haka, na masu gudu a sahara ne na awanni, gonarka ba ta buƙatar su.

Wanda ba a ambata maka ba, kuma ya cancanci ka sani, shi ne Old Man Emu na kamfanin ARB da ke Ostareliya. Nitrocharger ɗinsu mai bututu biyu ce, kuma ta isa shaida cewa bututu biyu ba aibi ba ne idan an yi ta da girma da wadataccen mai. Su shokazoba da sifirin suke haɗawa, sifirin kuma kala-kala gwargwadon nauyin da ke gaban motar. In kana da niyyar saka bambar ƙarfe ko injin janyo mota a gaba, ko kuma an duba an ga sifirinka ya mutu, to wannan ya fi maka 5100 a kan tsohon sifirin, domin nauyi aikin sifirin ne.

Maganar bakanikenka kuma, ka yi masa uzuri. Hilux ce ta cika gari, kayanta ne a ko'ina, kuma daga 2005 ita ma gabanta ya koma sifirin mai naɗi, a ido sun yi kama. Amma mota biyu ce daban, shasi daban, nauyi daban, lambar kaya daban. Idan har sai an fasa rami, ko an ƙara washa, ko an daddage kafin abu ya shiga, to ba nata ba ne. A sayi kaya da lamba, da shekarar mota, da ko mai jan taya huɗu ce. Wani abin da ke rikita makanikai shi ne sun saba da tsohuwar Hilux da wasu Chevrolet masu sandar murɗa a gaba maimakon sifirin mai naɗi. A waɗancan shokazoba a ware take, in an murɗa sandar an ɗaga gaba, ana iya buƙatar wadda ta fi tsawo. Dokar can ba ta hau kan motarka ba.

Baya ba shi da wahala idan ba a taɓa shi ba. Kayan ɗaga gaba ba su shafe shi ba, tsawon asali za ka saya, kuma 5100 ta baya an yi ta ne don tsayin asali zuwa ƙarin inci 1. Na fi so gaba da baya su zama iri ɗaya, domin gaba mai riƙo da baya mai laushi suna sa mota ta riƙa wutsil-wutsil da gindi a kan burji. Amma a leƙa tukuna, ko an saka wani kauri tsakanin aksul da sifirin, ko an ƙara ganye, domin sifirin baya mai ganye ne. Idan an ƙara, a auna daga ɗauri zuwa ɗauri da aksul a rataye, a kuma tabbata tiyon birki bai miƙe ba kafin shokazoba ta ƙure.

Sai maganar taki. Shokazoba ba ta ɗaukar kaya, ko ta nawa ce. Tacoma kuma ba Hilux ba ce a wajen lodi. Hilux tana ɗaukar kusan tan guda, Tacoma mai ƙofa huɗu kuwa abin da aka yarje mata bai fi kilo 600 da 'yan kai ba, kuma har da direba da fasinja a ciki. Ainihin adadin yana rubuce a takardar da ke jikin ƙofar direba. Buhun taki kilo 50 ne. Idan ku huɗu ne a ciki, buhu shida ya kusa cinye ragowar. Ga shi ratar da kamfani ya bari don lodi an riga an cike ta, saboda haka da ka ɗora kaya baya zai sauka ƙasa da gaba, hanci ya kalli sama, sitiyari ya yi sako-sako, fitila ta shiga idon mai tahowa. Wannan shi ne dalilina na biyu na cewa 1.75, kuma in lodin ya zama na kowane mako, ko 0.85 ba zan raina ba. Idan kana son tsayin kuma kana son lodin, sai a ƙara ganye ɗaya a baya. Tunda za a taɓa wurin, a duba ganyen da kyau. A 2014 Toyota ta yi kiranye ga Tacoma kusan 690,000 ƙirar 2005 zuwa 2011 saboda ganyen sifirin baya yana iya karyewa ya goce har ya huda tankin mai. Taka ta faɗa cikin waɗannan shekaru, kuma da lambar shasi ana iya dubawa a intanet ko an yi mata gyaran kafin ta baro can.

Wajen saye ina roƙonka abu biyu. Kada ka sayi ɗaya don ɗaya ce ke yoyo. Hagu da dama tare ake canza su, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe guda a birki da kwana. Kuma ka guji ta gwanjo. Inji na tokumbo ana iya tayar da shi a ji, shokazoba kuwa ba ka ganin cikinta, danna ta da hannu ba ya nuna komai game da abin da za ta yi a ƙarƙashin tan biyu. Masu ƙera ta irin su KYB da Monroe suna cewa a fara tunanin canji daga kilomita 80,000, wadda aka ciro daga motar da ta yi hatsari kuwa ba wanda ya san nawa ta ci. Akwai kuma waɗanda ake hudawa a ɗura musu mai a toshe a fesa fenti. Araha ba ta ado. Sabuwa ta gaskiya lambarta tana jikinta, ka gwada ta da lambar da ke kundin kamfanin kafin ka biya. Mai bututu ɗaya kuma tana zuwa a ɗaure, in an kwance ta sai ta miƙe da kanta a hankali da ƙarfi, ba tare da tsalle ko shan iska ba.

Ranar sakawa ka tsaya a wurin. Sifirin gaban Tacoma yana da ƙarfin da zai iya kashe mutum, dole a matse shi da injin matse sifirin na ƙwarai. Na ga yaran gareji suna ɗaure shi da igiya ko waya, kuma duk lokacin da na gani sai gabana ya faɗi. Ka tabbata zoben nan ya zauna cikin tsaginsa ta ko'ina, mazaunin sifirin kuma ba a kifa shi ba, domin duk nauyin gaban motar a kan wannan ɗan zoben yake. Kada a kama sandar shokazoba da filaya. Ƙarzane ɗaya ya isa ya yanka sil, bayan wata biyu ka dawo kana cewa an sayar maka da jabu. A canza robobin hular sama idan sun tsattsage. Ƙusar ƙasa kuma, wadda ta ratsa bushin, ba a ƙarasa ɗaure ta sai an sauke motar ta tsaya da ƙafafunta. In aka ɗaure ta a rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta daɗe ba.

Daga gareji sai wurin alaimen, a ranar. Ɗaga gaba yana rage kwanciyar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana, shi ya sa wasu motocin da aka ɗaga suke yawo a kan titi sai direba ya yi ta gyara. A kan 1.75 yawanci ana samun kamawa da hannun sama na asali. Daga inci 2.5 ne ake fara buƙatar hannun sama na musamman, wani kuɗin ke nan. A nan za ka iya cin karo da wata matsala ta motocin Amurka. A jihohinsu masu ƙanƙara gishiri ake watsawa a titi, ƙusoshin alaimen na hannun ƙasa sukan yi tsatsa su manne da bushin. Idan mai alaimen ya ce sun ƙi juyawa, kada ka bari ya gyara tayarod kaɗai, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ya sallame ka. A yanke su, a saka sababbi da bushin, a shafa musu giris. Sannan da daddare ka tsaya gaban bango ka daidaita fitilunka.

Bayan kilomita 500 ka koma a sake bin notin da ƙusoshin, a kuma maimaita awon nan na tsakiyar taya zuwa bakin bodi, hagu da dama, don a ga inda ta zauna. Idan kuma ka haska tocila ka tarar ba sifesar sama ba ce, rubuto mini abin da ka gani, da lambar da ke jikin shokazobar, da awo biyun nan na tsaye da na rataye, in sake duba maka.